Duna na ta amai kwana biyu: in jira safiya ko in fita da shi yanzu?

Maman Biyu, Talata, 9:40 na dare
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kiwon karnuka ku agaza min da shawara. Karenmu Duna, shekararsa uku, nauyinsa kilo 24, tun jiya da safe yake amai. Da farko abin da ya ci ya dawo da shi, na ce ɓacin ciki ne, zai wuce. Yau kuwa ko ruwa ya sha ba ya minti goma sai ya dawo, kore-kore mai wari. Rabonsa da kashi tun ranar Lahadi. Kare ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, amma tun la'asar yana lungu. In ya tashi sai ya miƙa ƙafafun gaba, ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ya bar ƙugu a sama, ya daɗe a haka. Rigakafinsa duk an yi. Baban Biyu ya ce a bari gari ya waye. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Baba Tsoho
Wa'alaikumussalam 'yata. Shekara talatin da ɗoriya ina tare da karnuka. Wani abu ya haɗiya ya tsaya masa. Ki ɗura masa man girki cokali uku, zai sulɓe ya fita ta ƙasa. In bai yi ba, ki dama gishiri a ruwan ɗumi ki ba shi ya amayar. Kare yana da taurin rai, ba kasafai ciwon ciki ke kai shi ƙasa ba.

Ƙanin Kowa
Anti, kafin komai a ƙirga takalman gidan. Namu silifas guda ya taɓa cinyewa, igiyar kawai ya bar mana.

Anti Nas
Ni jinyar mutane na sani, ba ta dabbobi ba. Amma amai kwana biyu babu bayan gida, ko a mutum toshewar hanji muke fara tunani. 'Yar'uwa, kada ki ba shi komai ta baki sai likita ya yi magana.

Dakta
Maman Biyu, ki fita da shi yanzu. Kada ki jira safiya.

Baba, ku yi haƙuri, a hasashen kun yi daidai, ni ma abin da nake zargi ke nan, amma maganin ne ba zan bi ku ba. Karen da ke amai in aka ɗura masa mai, sau da yawa man yakan sarƙe shi ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu, sai a tashi da ciwon huhu a kan na ciki. Gishiri kuwa guba ne a wannan hali. Jikinsa ya riga ya bushe, in gishiri ya yi yawa a jini har farfaɗiya yana kawowa. Kuma abin da ya wuce tumbi ya shiga hanji, amai ba ya dawo da shi.

Wannan tsayuwar da kika kwatanta, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, alamar ciwon ciki ce mai tsanani. Kafin ku fita ki yi min abu biyu, ba su kai minti ɗaya ba. Ki ɗaga leɓensa ki dubi dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai danshi. Ki danna da yatsa ki saki, launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Sannan ki tsunkuli fatar bayan wuyansa ki saki, ki ga ko ta koma nan take. Ki kira asibitin kina hanya don su shirya. Ki faɗa musu ƙarfe nawa ya ci abinci na ƙarshe da duk wani magani da aka ba shi, ko da kina jin kunyar faɗa.

Maman Biyu
Dasashin ja ne amma a bushe, yana manne wa yatsa. Fatar ta daɗe kafin ta kwanta. Dakta, gaskiya jiya Baban Biyu ya ba shi rabin ibuprofen, wai ko ciwo yake ji. Kuma ina da maganin tsayar da amai na yara, in ba shi don kada ya ɓata mota?

Dakta
A'a, ki shimfiɗa tsohon zane a motar kawai. Wasu magungunan aman aikinsu su ƙara wa hanji motsi, in hanya a toshe take kin ga ana tura kaya ne a ƙofar da ke rufe. Batun ibuprofen kuwa shi za ki fara faɗa da kin shiga. Yana cin tumbin kare, yana taɓa ƙoda, balle jiki babu ruwa. Zai canza irin maganin da za su zaɓa masa. Gara da kika faɗa.

Wajen ɗaukarsa ku yi hattara. Kare mai ciwo yana cizon mai shi, ba don mugunta ba. A sa hannu ɗaya ta gaban ƙirji, ɗaya ta bayan cinyoyi, kada a tallafo ta ciki. Takunkumi kuma ban da shi tunda yana amai, zai iya shaƙewa.

Baba Tsoho
To likita, ku ne masu karatun. Amma ni na sha yin na man, kuma ya yi.

Mai Karnuka Uku
Baba, waɗanda ya yi wa aiki su ake tunawa. Ni jiran safiya ne ya raba ni da karena na farko, babban kare irin na Jamus da ake kira jamus shefad. Bayan ya ci abincin dare ya fara kakarin amai, babu abin da ke fitowa sai kumfa, miyau na dalala, ya kasa kwanciya ya kasa tsayuwa. Cikin ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Na ce iska ce, da safe ma gani. Kafin asuba ya tafi. Daga baya aka yi min bayani cewa tumbin ne ya cika da iska ya murɗe, ya datse hanyar jini, kuma manyan karnuka masu zurfin ƙirji su ya fi kamawa. Wannan ciwon da awa ake lissafinsa, ba da kwana ba. Maman Biyu, ki tashi maigida.

Maman Biyu, Laraba, 1:15 na dare
Muna asibiti. An ɗibi jini, an sa masa ƙarin ruwa. Hoton farko bai nuna abin ba, sai hanji da ya kumbura da iska. Likitar ta ce tsumma ba ya fitowa sosai a irin wannan hoton kamar yadda ƙarfe ko ƙashi ke fitowa. Da aka yi sikanin sai ga abu a dunƙule. Aiki za a yi, amma ta ce sai ruwan ya ɗan shiga jikinsa tukuna. Na sa hannu a takarda hannuna na rawa. Dakta, me ya sa ba za a shiga da shi nan take ba tunda an ce gaggawa ce?

Dakta
Daidai suka yi. Allurar barci tana saukar da ƙarfin jini. In aka yi wa karen da ya bushe, zuciya da ƙoda su ke ɗaukar wahalar. Amai kuma yana zubar da gishirin jiki, musamman fotasiyam, shi ma sai an daidaita. 'Yan awannin nan na ƙarin ruwa suna cikin aikin. Gwajin jinin kuma yana nuna ko jininsa zai daskare yadda ya kamata, don cututtukan da kaska ke kawowa suna rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kare yana yawo da su mai shi bai sani ba. Ki samu wuri ki zauna, ki sha ruwa ke ma.

Yaya Babba
Allah ya sa a yi a sa'a, ƙanwata. Na san wannan zaman. Tawa karyar kimanin wata guda bayan lokacin barbararta ya wuce ta fara shan ruwa kamar ba gobe, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga kasala. Na ɗauka zafi ne. Ashe mugunya ce ta cika mahaifa, kuma bakin mahaifar a rufe, shi ya sa ban ga komai na fita ba. Daren aka cire mahaifar. Yanzu shekararta goma sha ɗaya, tana nan tana hana maƙwabta barci.

Maman Biyu, Laraba, 7:05 na safe
Alhamdu lillahi, an fito. Safa ce. Safar makarantar Hassan, shuɗiya, an nuno min ita a cikin leda, da na gane ta sai da na zauna. Inda ta tsaya hanjin ya yi baƙi ya mutu, sai da aka yanke kamar tsawon taƙi guda aka haɗe sauran. Likitar ta ce da mun ƙara yini ɗaya da ya huje. Baban Biyu tun ɗazu bai ce uffan ba. Abin da ke damuna yanzu, safa ai biyu ce, kuma ɗayar ban gan ta a gida ba. Likitar ta ce ta bi hanjin da hannu daga tumbi har ƙarshe, babu saura.

Ƙanin Kowa
Anti, a sa wa Hassan ido, kada a ce shi ya cinye ɗayar.

Baba Tsoho
Barka da arziki, 'yata. Safa kam mai ba zai fitar da ita ba, na yarda.

Maman Biyu, Juma'a
An sallame mu jiya da yamma. Tambayoyi ne da ni cike da baki. An aske masa ciki tas, ɗinkin ya kai tsawon tafin hannuna da rabi. Yana ɗan tari. Bai yi kashi ba har yanzu. In ya sha maganin ciwon, gabapentin, sai ya riƙa tangaɗi kamar mai jin barci. Sannan wannan robar mai kama da mazurari da aka sa masa a wuya, wallahi tausayi yake ba ni. Yana karo da ƙofa, yana karo da ƙafafuna, jiya tsayawa ya yi tsakiyar ɗaki ya sunkuyar da kai kusan rabin awa kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Dakta
Tarin daga bututun da aka zura masa a maƙogwaro ne lokacin aiki, kwana biyu zuwa uku zai bari. In ya ƙaru, ko numfashi ya yi nauyi, wannan wani zance ne. Kashi kan iya ɗaukar kwana uku ko huɗu, cikin ai babu komai, kuma magungunan ciwo suna rage wa hanji sauri. Tangaɗin ma na maganin ne. Za ki lura ba a ba shi irin su meloxicam ba, waɗanda aka saba ba karnuka bayan aiki. Da gangan ne, saboda hanji aka ɗinka ga kuma ibuprofen ɗin da ya sha. Don haka kada wani ya kawo miki ragowar na karensa.

Ga abin da na fi so ki riƙe. A aikin hanji, ranar uku zuwa ta biyar ita ce mai haɗari. A kwanakin nan naman da aka ɗinka yake fin rauni kafin ya fara kamawa, in ɗinkin ciki zai saki to yawanci a nan ne. Abin takaicin, daidai lokacin ne kare ke fara kaɗa wutsiya, mutanen gida su saki jiki. Ki sayi ma'aunin zafi nasa shi kaɗai, ki shafa wa bakin man shafawa, ki auna ta dubura safe da yamma. Daga digiri 38 zuwa 39.2 lafiya lau. In ya haura 39.5, ko ya ƙi abinci bayan ya fara ci, ko amai ya dawo, ko cikin ya yi tauri yana ƙara in an taɓa, ki koma asibiti ko ƙarfe nawa ne. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta zafin jiki, abin da ya ci, da lokacin magani. Mutum biyu na ba da magani a gida ɗaya, sai ka ga an ba da sau biyu ko an tsallake.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, abin da likitarsa ta rubuta. In dafawa za ki yi, tsokar kaza da farar shinkafa, ban da ƙashi, ban da mai, ban da albasa, don albasa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Baba Tsoho
Duk na ji, amma robar nan ban yarda da ita ba. Tun tale-tale kare da harshensa yake jinyar ciwonsa. Miyaunsa magani ne. Ku ɗaure masa kai a bokiti ku ce jinya kuke yi?

Anti Nas
Baba, da bakin da yake lasar duburarsa fa zai lashi ɗinkin.

Mai Karnuka Uku
Ni ina tsakiya. Robar takura ce, wannan gaskiyar Baba ce. Wata karyata ƙin cin abinci ta yi sam saboda ita. Sai na riƙa cire mata lokacin ci, ina tsaye a kanta, tana gamawa in mayar. Maman Biyu, ki ɗora kwanon a kan wani abu ya ɗan yi tudu, kuma ki nemi wanda bai kai bakin robar faɗi ba, za ki ga yana isa.

Dakta
Baba, ƙujewar da kare ya samu a daji daban, cikin da aka tsaga daban. A daji lasa tana share ƙasa da datti, shi ne amfaninta. A nan babu dattin da za a share, an ɗinke shi da tsabta. Harshen kare kaushi gare shi, kuma ba ya tsayawa a lasa, da ƙaiƙayi ya fara sai haƙori ya shiga. Ƙarƙashin fatar nan akwai wani ɗinkin, na jijiyar bangon ciki, shi ke riƙe da hanji. Na taɓa karɓar kare da ya kai ga wannan ɗinkin a dare ɗaya, mai shi ya rungumo shi da kayan ciki a cikin tawul. Ba na son in sake gani. Robar ta zauna kwana goma zuwa sha huɗu, har da dare, musamman ma da dare. A tabbata bakinta ya ɗan wuce hancinsa, kuma yatsu biyu na shiga tsakaninta da wuya.

Anti Nas
Ƙarin abu ɗaya daga ɓangarenmu. Mutane na son su ga suna yi wa ciwo wani abu, su goga sifirit, su barbaɗa hodar kafso, su shafa man zafi. Ɗinki mai tsabta bushewa yake so. Ki ɗauki hotonsa da waya kowace safiya a wuri ɗaya mai haske, ido na mantuwa amma hoto ba ya yi. Ban da wanka. Kuma ki kiyaye ƙuda, in ya samu danshi ƙwai zai saka, kafin ki farga tsutsa ta fito.

Maman Biyu, Asabar, 11:20 na dare
Jama'a ya yi amai. Sau ɗaya, bayan maganin dare. Ya ƙi abincin yamma. Zafi 39.0. Yau kwana uku cif da aikin. Mun kama hanya.

Yaya Babba
Allah ya tsare. Muna nan, ki sanar da mu.

Maman Biyu, Lahadi
Mun dawo wajen ƙarfe biyu. An sake sikanin, babu ruwa a cikin, ɗinkin hanji na nan lafiya. Laifina ne. Da ya ƙi cin abinci sai na tura masa ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta haka nan ciki babu komai, ita ta tayar masa da zuciya. An yi masa allurar tsayar da amai, da safe ya cinye kwanonsa har yana turo shi da hanci. Sannan albishirinku, ya yi kashi! Ban taɓa zaton zan tsaya ina murna a kan kashin kare ba, har Baban Biyu na kira ya zo ya gani. Kunya dai na ji, na tashi mutane tsakar dare a kan amai guda.

Dakta
Babu abin kunya. Daga gida ba ki da hanyar bambance aman magani da aman ɗinkin da ya saki, ni ma sai na sa na'ura. In ya sake, ki sake komawa.

Maman Biyu, Laraba
Baba, ku zo ku ji abin da ɗalibinku ya yi. Baban Biyu ya karanta maganarku, jiya da dare tausayi ya kama shi, ya cire wa Duna robar wai ya samu barci mai daɗi. Da asuba na tarar zare biyu na ƙasa babu su, wurin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa. Ga wani kumburi mai laushi gefen ɗinkin kamar ƙwan kaza, don da ya ji shi sakayau har kujera ya haye ya diro. Likitar ta ce ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata saboda motsi, ɗinkin ciki bai taɓu ba, zai tsotse da kansa. Ta sa ƙusoshin ɗinki biyu, ta ƙara mana kwana huɗu da robar.

Baba Tsoho
Ni na ce a bar kare ya lasa, ban ce a bar shi ya hau kujera ba.

Ƙanin Kowa
Baba ya zame kamar an ɗura masa man girki cokali uku.

Baba Tsoho
Yaro, zan kama ka. 'Yata, ki gaida maigidan, ki ce a mayar da bokitin.

Mai Karnuka Uku
Mako na biyu ya fi na farko wuya, don shi a ganinsa ya warke. Ko fitsari zai fita a sa masa igiya, minti biyar a dawo. Ki kwana da sanin cewa yara ne za su karya dokar, su jefa masa ƙwallo. Abin da ya taimake ni, ina ɓoye 'yan ƙwayoyin abincinsa a hannu ɗaya in sa shi ya canka, ko in koya masa taɓa tafina da hanci. Kansa ya gaji, jikinsa na kwance. Tsumma ko igiyar wasa kuwa kada a ba shi ya tauna, kin ga inda safa ta kai ku.

Dakta
Tunda an ambaci igiya: duk wanda ya ga zare ko tsumma na leƙowa daga duburar karensa, ko ya naɗe a ƙarƙashin harshe, kada ya ja. Ɗaya bakin na iya kasancewa a maƙale can ciki, ja ɗaya sai ya yanka hanji kamar zarto. Maman Biyu, kumburin in ya yi zafi, ko ya yi tauri, ko kika danna kika ji yana komawa ciki, a sake dubawa.

Maman Biyu, bayan kwana goma sha takwas
An cire zare da ƙusoshin yau. Kumburin ya baje, gashi ya fara tsirowa, ya rame da kilo ɗaya da rabi amma likitar ta ce zai mayar. Gudu da tsalle sai a hankali nan da mako biyu. Da aka zare masa robar ya yi kusan minti biyar yana sosa bayan kunne, ido a lumshe. Kwandon wanki yanzu mai murfi ne, kuma yana saman durowa. Na gode Dakta, na gode Anti, Yaya, Mai Karnuka Uku, har da Baba.

Ɗayar safar kuwa ta fito. Tana cikin takalmin makarantar Hassan, can ƙurya, tun ranar Juma'ar da ya cire ta.

Ƙanin Kowa
To a wanke wa Hassan suna. Amma Anti, safar da aka ciro, an dawo muku da ita ko sai an sayi sabuwa?